Murfin Lamba Ashirin da Uku

Maigida ya tura ƙofar ofishinsa don ƙarar injuna ta ragu, ya nuna wa tsohon kujera. Tsohon bai zauna ba. Shekara talatin da huɗu yana yankan kwali a wannan maɗaba'a, bai taɓa ɗora jikinsa a kujerar nan ba, ko a zamanin Marigayi, uban Maigida, wanda ya kafa wurin.

"Baba Mai Yanka, ka ishe ni da maganar 'yar nan taka."

"Sau uku kawai na faɗa, ranka ya daɗe."

"Sau uku a mako." Maigida ya yi 'yar dariya. "To na ji. Mai zanenmu ya gudu, kwamfuta tana sama ƙura na hawanta. Ga matar nan mai sabulu tana son sabon kwali ranar Asabar, za ta kai wa manyan kantuna. Auta ta zana. In kwali ya fita lafiya, kujerar tata ce."

"Allah ya saka da alheri."

"Tsaya, ban gama ba. In ta ɓata, ita ta koma gida, kai ma ka ajiye makullin inji. Ka san na yi wa mahaifina alkawari ba zan kore ka ba, kuma ba zan kore ka ba. Kai za ka fita da ƙafarka."

Tsohon ya dubi yaron da ya taɓa goyawa a kafaɗa, yau ga shi da tumbi da agogon zinariya. Kowa a wurin ya san ƙanin matar Maigida ya daɗe yana zaman jiran injin yanka. Alkawarin nan ne kawai ya tsaya wa Maigida a maƙogwaro.

"Sannan," in ji Maigida, "ba ruwanka da aikin. Ba ka hawa sama, ba ka ce mata uffan a kansa, ko a nan ko a gida. Hannunta nake son gani, naka na gan shi har na gaji."

Mai Yanka ya auna maganar. Ya san 'yarsa. Tun tana rarrafe take wasa da ɓarɓashin kwali a gindin injinsa, da ta girma ta je ta yi shekara biyu tana koyon zane a kwamfuta, yanzu shekara guda ke nan tana zaune tana yi wa mutane katin biki a waya. Ya miƙa hannu, suka tafa. Abu ɗaya ne bai tambaya ba, kuma shi ya kamata ya fara tambaya: da wane allo za a yanka kwalin.

Wanda bai san aikin ba yana zaton kwali a tsaye ake haifarsa. A shimfiɗe yake zuwa, kamar fatar da aka jeme. Mai zane yana buɗe fayil a kwamfuta, ya ga taswirar kwalin a kwance: ga gaba, ga baya, ga gefe biyu, ga murfi, ga ɗan kunnen da ake shafa wa gam. A kan wannan taswira yake jera launi da rubutu. In an buga, sai a kawo wa mai yanka, shi kuma ya sa allonsa a inji. Allon yanka katako ne mai kauri da aka dasa wa siraran wuƙaƙe, wasu masu kaifi su datse, wasu dakusassu su danna layin da za a lanƙwasa. Muddin taswirar kwamfuta da wuƙaƙen allo bakinsu ɗaya, kwali zai tashi. In suka saɓa, an yi aikin banza. Irin waɗannan alluna sittin da ɗaya ne jere a kanta bayan injin tsohon, kowanne da lambarsa da jan fenti.

Auta ta fara ranar Litinin. Daga ƙasa yana hango ƙeyarta ta gilashin ɗakin sama, ta duƙufa, hannu a kan linzamin kwamfuta. A gida kuwa sai suka zama kamar surukai. Ta kawo masa ruwa, ya ce sannu, ta ce yawwa, shi ke nan.

"Wai me na yi muku?" in ji uwar Auta ranar Talata, tana ajiye kwano. "Da ku biyu kuke hana ni jin rediyo da zancen kwali. Yanzu gidan ya koma na kurame."

"Alkawari ne."

"Kai da alkawari! Ka yi mini na sabon rufi tun yarinyar nan tana goye."

Auta ta ƙyalƙyale da dariya, ta buɗe baki za ta ce wani abu, ya ɗaga mata hannu. Ta haɗiye.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Sabulu ta zo ganin samfur. Mace ce mai jiki da murya, wadda ta fara dafa sabulu a bayan ɗakinta har ta kai ga ɗaukar ma'aikata. Ta hau sama, ba a jima ba ta sauko tana riƙe da ɗan kwali a tafin hannu kamar ƙwai. Auta ta buga zanen a takarda, ta bi layin taswira da almakashi, ta naɗe, ta manne. Kore ne mai sanyi, da farin fure a gaba.

"Baba, wai 'yarka ce? To ka haifu! Dubi nan." Ta kai masa murfin har hanci. "Na ce mata a kanti jera su ake yi, kan nan kaɗai mai saye ke gani. Sai ta sa mini sunana a kai, da furen, da lambar hukuma a ƙasa. Ko daga bakin ƙofa ka hango shi. Wancan mai zanen na da, wata uku yana ja mini rai bai gane abin da nake nufi ba."

Tsohon ya goge hannu a riga, bai taɓa ba. Daɗi ya cika shi.

Maigida ya leƙo daga ofis, fuskarsa ba yabo ba fallasa. "Ƙarfe biyu za a tura zanen wa masu yin farantin bugu. Gobe bugu. Baba, sauko da ashirin da uku ka goge shi."

"Lamba nawa?"

"Ashirin da uku. Kunnen ma ya fara tafiya ne?"

Sai da Mai Sabulu ta fita sannan tsohon ya koma bayan injinsa. Ya jawo allon daga kanta, ya kwantar a kan tebur, ya share ƙura. Ga tsagar nan, ta ratsa kusurwar sama, ya cike ta da gam da garin katako shekara bakwai da suka wuce.

A shekarar da Marigayi ya kwanta ciwo ne allon ya suɓuce masa ya faɗi a kan siminti. Katakon ya tsage daidai inda wuƙaƙen murfi suke, wurin ya ƙi riƙe ƙarfe. Ya ji nauyin kai wa mara lafiya labari, kuma, gaskiya, ya ji tsoron ɗan, wanda ya fara zama a ofis yana neman laifin kowa. Sai ya cire wuƙaƙen murfin daga saman gaba, ya mayar da su saman baya, inda katako ke da lafiya. In an naɗe, kwalin girmansa ɗaya, rufuwarsa ɗaya. Mai aikin a lokacin ɗan kasuwar ƙusa ne, farin kwali yake karɓa ba bugu, ya manna takardarsa da kansa. Ba wanda ya lura. Daga baya mai ƙusa ya daina zuwa, allon ya kwanta, tsohon ma ya manta. Taswirar da ke cikin kwamfuta kuwa tana nan yadda aka zana ta tun farko, murfi a gaba.

Ya tsaya yana kallon wuƙaƙen, ya ga abin da zai faru kamar an riga an yi. Inda Auta ta sa sunan matar da furen da lambar hukuma, wuƙa za ta datse shi ya faɗa kwandon shara. Inda wuƙa za ta bar murfi kuwa, fari fat. Kwali dubu goma sha biyu masu farin kai, kuma sabulun da ba lambar hukuma ba kantin da zai karɓa. Kuma ba za a gane ba sai ranar Juma'a da yamma, bayan an gama bugu, in shi da hannunsa ya danna na farko.

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata.

Ya ɗaga kai. Auta tana miƙa a kujera, ta gama aikinta, tana shan ruwa. Matakala goma sha huɗu ce tsakaninsu. In ya hau, ya karya sharaɗi, su biyu sun tafi. In ya yi shiru, jibi su tafi, da kunya a kai, a ce yarinyar ce ba ta iya ba. Ya yi tunanin mayar da wuƙaƙen inda suke. Ya danna tsagar da babban yatsa, ta motsa. Ko ɗari ba za ta yanka ba za ta buɗe. Sabon allo kuwa kwana goma ne a wurin masu yi.

Ya kunna inji, ya kashe. Ya ɗauki tsumma, ya ajiye. Mai bugu, wani siriri mai yawan tsokana, ya ɗago daga bayan injinsa.

"Tsoho, yau rawa kake koya? Ko cikin ne?"

"Duba tawadarka."

Sha biyu da rabi ta wuce. Ya yi ta juya maganar da suka yi ranar Litinin, kalma bayan kalma. Ba ka hawa sama. Ba ka ce mata uffan. Da ya kai nan sai ya tsaya. Ya ɗauki allon, nauyinsa ya kai na yaro ɗan shekara biyar, ya rungume shi ya nufi ofis, ya tura ƙofa da kafaɗa ba sallama, ya dire shi a kan takardun Maigida.

"Lafiya?"

"Ina samfurin da ta naɗa? Ɗauko shi. Warware shi ka shimfiɗa a nan."

Maigida ya warware kwalin, ya ɗora a kan wuƙaƙen. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ba malamin zane ba ne, amma a maɗaba'a ya tashi. Fuskarsa ta canja.

"Wa ya taɓa allon nan?"

"Ni." Ya faɗa masa duka, a tsaye, bai rage komai ba.

"Shekara bakwai! Ka fasa kayan ubana yana kwance, ka rufe, kana gaishe ni kullum da safe!"

"Haka aka yi."

"Kuma yanzu ka zo ka taimake ta ta bayan gida."

"Ban hau sama ba. Ban ce mata komai ba. Da kai nake magana, mai wurin. Kwalin da za a buga naka ne, tawada taka ce, matar nan kuma kai ta sani. In ka ga dama ka yi shiru har jibi, ka ci sharaɗinka."

Maigida ya koma ya jingina, yana kaɗa biro a kan tebur. Tsohon ya san wannan kaɗawar, ta ubansa ce, lissafi ake yi.

"Ina da wata hanyar," in ji Maigida a hankali. "In tsayar da faranti, in ce zanenta bai hau allo ba. Bai hau ɗin ba kuwa. Mai zanen kirki yakan sauko ya auna allo kafin ya fara. Ba ta auna ba. Ta faɗi ke nan, ku tafi tare."

Maganar ta soki tsohon, don akwai gaskiya a ciki. Da an bar shi ya yi mata magana, abin da zai fara gaya mata ke nan.

"Kana iyawa," ya ce. "Sai ka kira Mai Sabulu ka gaya mata Asabar ta tashi. Ka gaya mata kuma yarinyar da ta gane abin da take so cikin kwana uku ka sallame ta. Ka ji da kunnenka abin da ta ce da safe. Maɗaba'a nawa ce a titin nan? Duk inda Auta ta zauna, can matar nan za ta bi ta."

Biron ya tsaya. Ɗaya da minti biyar.

"Za ta iya gyarawa kafin biyu?"

"Ban sani ba. Ban taɓa ganin aikinta a kan kwamfuta ba, ka hana ni."

"To ji nan. Ni zan kira ta. In ta gyara kafin biyu, ta zauna. Amma kai, ko ta gyara ko ba ta gyara ba, kana gama yankan aikin nan ka ajiye makulli. Ba korarka na yi ba."

"Na sani. Da ƙafata."

Wannan karon ba su tafa ba.

Auta ta sauko da gudu da Maigida ya ƙwala mata kira. Ta dubi allon, ta dubi samfurinta a shimfiɗe a kai, ta dubi ubanta. Ya kawar da kai. Ba ta tambayi kowa komai ba.

"A danna mini farin kwali ɗaya da allon nan," ta ce. "Yanzu."

Tsohon ya ɗaura allon a inji. Sai da ya kuskure ƙusa sau biyu, abin da bai taɓa yi a kan aiki ba. Inji ya sauko, ya tashi. Ta fizge kwalin, ta zaro rula daga aljihu, ta auna kowane gefe tana rubutawa a bayan hannunta, ta haura sama tana tsallake matakala bibbiyu. Ɗaya da minti ashirin da biyar.

Daga nan sai kallo ta gilashi. Maigida ya hau ya tsaya a bayanta, ya harɗe hannu. Mai bugu ya rage ƙarar injinsa ba wanda ya sa shi. Tsohon yana iya hango fuskar kwamfutar kaɗan: ta goge layukan murfi daga saman gaba, ta ja sababbi a saman baya, ta kamo sunan da furen da lambar gaba ɗaya ta ɗauke su ta sauke a sabon wurin. Ta ja koren ya ɗan zarce layin yanka, yadda ko wuƙa ta goce ba za a ga fari ba. Biyu saura kwata.

Ya ga Maigida ya nuna agogo, ya nuna kwamfuta, alamar ta tura. A nan tsohon ya ga abin da su biyun ba su gani ba. Murfin da ke manne a baya, gaba yake faɗowa in an rufe. Rubutun da ya tsaya daidai a shimfiɗe, a kife zai fito a kanti. A kwamfuta kuwa ba abin da ya fi shi kyau. Ya kama ƙarfen inji ya riƙe. Ƙafarsa ta kai matakalar farko, ya janye ta.

Auta ta ɗora hannu a kan linzami. Ta tsaya. Ta girgiza kai, ta ce wa Maigida wani abu, shi kuma ya ɗaga hannuwa sama. Sai ƙaramin injin buga takarda ya fara ƙara. Ta ɗauki almakashi.

Tun tana 'yar shekara shida yake gaya mata kada ta yarda da kwali sai ta naɗe shi da hannunta. Bai san ta riƙe ba.

Ta yanka, ta lanƙwasa, ta rufe murfin, ta ajiye a tebur ta ja baya kamar mai saye. Ya ga ta dafe kai. Ta faɗa kujera, ta kamo abin da ke kan murfin ta juya shi, ta sake bugawa, ta sake yankawa, almakashin na cin takarda kamar ba gobe. Ta naɗe. Ta miƙa wa Maigida. Ya juya shi sau biyu, ya gyaɗa kai. Ta tura fayil biyu saura minti huɗu.

Mai bugu ya saki numfashi. "Tsoho, sakar mana ƙarfen nan, kar ka lanƙwasa shi."

An buga ranar Juma'a. Mai Yanka ya yanka dubu goma sha biyun da kansa, allon bai ba shi kunya ba, Asabar da hantsi motar Mai Sabulu ta kwashe. Ya share injin, ya shafa masa mai, ya rataye makulli a ƙusar ofis, ya fita ba tare da ya jira a yi masa jawabi ba.

A gida Auta ta same shi a tsakar gida yana gyaran ƙafar kujera. Ta durƙusa kusa da shi, idonta ja.

"Baba, don me ba ka bari na tafi ba? Ni ce ban auna ba."

"Ni na fasa. Riƙe mini nan."

Ta riƙe. Can ta ce, "Ashirin da uku kaɗai ka taɓa?"

Ya buga ƙusa sau biyu kafin ya amsa. "Shekara talatin da huɗu, Auta. Katako yana tsufa, masu kaya suna canja girman kayansu, ba wanda yake hawa sama ya gaya wa kwamfuta. Lamba bakwai, na ƙara masa kunne. Sha tara, na rage masa tsayi. Arba'in da biyu ma kar ki yarda da shi ko kaɗan."

"Guda nawa duka?"

"Sun fi rabi. Ɗauko biro, yanzu ba sharaɗi a kaina."

Uwar Auta ta leƙo daga ɗaki. "To, an dawo. Rediyona ya shiga uku."

Haka cinikin ya ƙare. Mai Sabulu ta samu kwalinta a kan lokaci, ba ta ma san an yi wani abu ba. Auta ta samu kujera. Maigida ya samu abin da ya daɗe yana nema, ya ɗora ƙanin matarsa a kan inji ba tare da ya karya alkawarin ubansa ba, kuma ya yi wata guda yana ganin shi ya fi kowa cin riba, kafin ya gane cewa alluna sittin da ɗayan nan mutum biyu ne kawai suka san gaskiyarsu, ɗaya ya fita da ƙafarsa, ɗayar kuma ba ya da halin ɗaga mata murya. Wanda ya yi asara shi ne tsohon. Har yau in ƙarfe bakwai ta yi yakan sa hula ya kai bakin ƙofa, sannan ya tuna ba inda za shi.